DARASIN WANNAN WATA: Baƙaƙen Duwatsun Biu da Jos

Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Biu zai lura da wani abu. Da mota ta fara hawan tudu, sai launin duwatsu ya canja. Za a ga baƙaƙen duwatsu warwatse cikin gonaki da gefen hanya, wasu kamar tulu, wasu kamar goruba. Can nesa kuma ga tsaunuka a tsaye ɗai-ɗai, kamar an kife malafa. Haka abin yake a wasu sassan Jihar Filato, musamman ƙasar Mangu da Riyom da Bassa.

Manomin da ke zaune a irin wannan wuri ya san wahalar waɗannan duwatsu, don suna karya masa fartanya. Amma ƙasar da yake nomawa daga jikinsu ta fito. Ruwan da iyalinsa ke sha ma ta cikinsu yake biyowa. A yau kuma masu fasa dutse suna zuwa da kuɗi suna neman a ba su tsaunukan. Saboda haka ya kamata mutanen karkara su san asalin waɗannan duwatsu da amfaninsu, kafin su yanke shawara a kansu. Dutsen da aka fasa aka kwashe ba ya sake tsirowa.

DUWATSU IRI-IRI NE

Ba duk duwatsu ne asalinsu ɗaya ba. A arewacin Nijeriya akwai iri uku da ido ya fi sabawa da su.

Na farko shi ne falalen dutse mai haske, irin na Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara. Idan aka duba shi da kyau za a ga ƙwayoyi manya-manya, farare da jajaye da baƙaƙe, suna ƙyalli. Wannan dutse a can ƙarƙashin ƙasa ya daskare a hankali. Daga baya ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ta rufe shi, ya fito fili.

Na biyu shi ne marmara, irin wadda ke saman Dala da Goron Dutse a Kano. Ita ja ce, tana da ramuka. Daga ruɓewar wasu duwatsu ta samu, inda ƙarfe ya taru ya ƙanƙare.

Na uku shi ne baƙin dutse, wanda littattafan makaranta ke kira basalti. Shi ne abin da wannan darasi ya ƙunsa. Ga alamomin gane shi. Yana da nauyi fiye da sauran duwatsu masu girmansa. Idan aka fasa shi, cikinsa baƙi ne ko toka-toka mai duhu. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya rarrabe su. Wani yana da ƙananan ramuka kamar cikin burodi. Bayansa kuwa sau da yawa ja ne ko ruwan ƙasa, don akwai ƙarfe a cikinsa, ƙarfen kuma ya yi tsatsa.

YADDA BAƘIN DUTSE YA SAMU

Cikin ƙasa da zafi. Duk lokacin da aka nutsa kilomita ɗaya, zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan Wikki da ke Yankari, a Jihar Bauchi, yake fitowa da ɗumi rani da damina. Ɗuminsa digiri 31 ne, domin daga wuri mai zurfi yake tasowa.

A wasu wurare, can ƙasa mai nisan kilomita masu yawa, dutse kan narke. Mai karatu ya tuna da maƙeran da, yadda suke zuga wuta har tama ta narke ta kwarara. To haka dutse ke narkewa, sai dai wannan murhun ya fi na maƙeri girma nesa ba kusa ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Narkakken baƙin dutse kuwa zafinsa yana kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,200.

Narkakken dutse bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, don haka sama yake nema. Idan ya sami tsaga sai ya biyo ta har ya ɓullo a doron ƙasa. Wannan shi ake kira aman wuta. Fitarsa iri biyu ce. Wani lokaci yakan kwarara kamar talge, ya bi kwari, ya cike rafuka, ya shimfiɗu a fili. Idan ya huce sai ya zama shimfiɗar baƙin dutse. Bayan shekaru wani aman ya zo ya hau kan na farko. A haka shimfiɗa kan shimfiɗa har wurin ya zama tudu mai faɗin kai.

Wani lokaci kuma akwai iska mai yawa a cikinsa. Sai ya riƙa tartsatsi sama, gutsattsarin suna faɗowa kewaye da bakin ramin. Su ne suke taruwa su zama tsauni mai kama da malafa, da rami a ƙoƙuwarsa. Ƙananan ramukan nan da ake gani a jikin dutsen gurbin kumfar iska ne. Dutsen ya daskare kafin iskar ta gama fita.

Da yake a sarari ya huce, da sauri ya daskare. Shi ya sa ƙwayoyinsa ba su sami lokacin girma ba, suka tsaya ƙanana.

INDA AKE SAMUNSA

Wuri mafi girma a Nijeriya shi ne Tudun Biu, a kudancin Jihar Borno. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,200. Tsayinsa daga bakin teku kimanin mita 700 ne. Masana sun ƙidaya tsofaffin bakunan aman wuta wajen 80 a kansa. Da yawa daga cikinsu suna jere a layi, daga kusa da garin Biu zuwa arewa ta wajen Miringa. Wannan jeri yana nuna inda tsagar take a ƙarƙashin ƙasa.

Kusa da Biu akwai Tafkin Tila. Tafkin yana cikin wani rami mai zagaye, kamar an ajiye ƙwarya a ƙasa. Ramin nan bakin aman wuta ne da ya mutu, ruwa ya taru a ciki. Tun zamanin kakanni Babur da Bura suna girmama wannan tafki da kadojin da ke cikinsa.

Wuri na biyu shi ne Tudun Jos. Yawancin tsaunukan Jos, kamar na Shere, falalen dutse ne mai haske. Amma a tsakaninsu akwai wuraren da baƙin dutse ya kwarara ya rufe. Akwai tsaunukan aman wuta a Panyam da Kerang da Ampang cikin Ƙaramar Hukumar Mangu. Akwai wasu a wajen Vom da Miango. A ƙasar Ampang akwai Tafkin Pidong, shi ma a cikin tsohon bakin aman wuta yake, kamar Tila.

Akwai kuma baƙin dutse a Tudun Longuda, wajen Guyuk a Jihar Adamawa, da wasu sassan Tudun Mambila a Jihar Taraba.

Dutsen Wase a Jihar Filato shi ma ɗan gidan ne, ko da yake irin dutsensa daban, ya fi haske. Tsayinsa daga gindinsa wajen mita 350 ne. Narkakken dutse ne ya daskare a cikin maƙogwaron wani tsaunin aman wuta. Ruwan sama ya cinye jikin tsaunin, ya bar wannan cibiya mai tauri a tsaye.

SHEKARUNSU NAWA?

Masana suna da hanyar auna shekarun dutse. Akwai wani sinadari a cikin dutsen da ke rikiɗa ya zama wani abu daban, kaɗan-kaɗan, ba ya sauri ba ya jinkiri. Misalinsa kamar tulu ne mai yoyo. Idan an san yawan ɗigon da yake yi a sa'a ɗaya, aka kuma auna ruwan da ya zuba, za a san tun yaushe aka cika shi. Da irin wannan awo aka gano cewa shimfiɗun Biu sun fara kwarara kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce. Sun ci gaba da fitowa lokaci bayan lokaci har zuwa ƙasa da shekara miliyan 1. Wasu tsaunukan masu kama da malafa sun fi haka ƙuruciya. Shi ya sa har yanzu siffarsu ba ta lalace ba.

A Tudun Jos akwai tsohon baƙin dutse wanda ya riga ya ruɓe ya zama laka. Akwai kuma sabo, mai shekara miliyan 2 ko ƙasa da haka. Falalen dutsen Jos mai haske kuwa ya haura shekara miliyan 150. Ke nan a cikin duwatsun Nijeriya, baƙin dutse shi ne auta.

DUWATSU MASU KAMA DA GINSHIƘAI

A ƙasar Riyom, kusa da ƙauyen Bangai, akwai wurin da ake kira Kahwang. Rafi ya wanke ƙasa ya tone baƙin dutsen da ke wurin. Dutsen ya rarrabu gida-gida, galibi masu kusurwa biyar ko shida, a manne da juna kamar saƙar zuma. Wanda ya gani zai rantse magini ne ya jera su.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Idan fadama ta bushe da rani, laka takan dare ta yi gida-gida, domin tana tsukewa. Narkakken dutse ma idan yana hucewa tsukewa yake yi. Sai samansa ya tsage, tsagar ta yi ta nutsawa ƙasa yayin da sanyi ke shiga ciki. A ƙarshe sai a sami dogayen ginshiƙai a tsaye.

Akwai irin wannan wuri a bakin teku a Ailan ta Arewa, cikin ƙasar Birtaniya. Ginshiƙansa wajen 40,000 ne. A shekarar 1986 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya. Dubban ɗaruruwan baƙi suna zuwa kallonsa duk shekara. Mutanen yankin suna samun abinci daga masauki da sufuri da yi wa baƙi jagora, duwatsun kuma suna nan a wurinsu.

AMFANI NA FARKO: ƘASAR NOMA

Rana tana dukan dutse, dare ya yi ya huce. Ruwa yana shiga tsagoginsa, saiwar itace tana buɗa su. A hankali bayan dutsen yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ya zama gari. Wannan gari shi ne asalin ƙasa.

Baƙin dutse ya fi falalen dutse saurin ruɓewa. Kuma yana ɗauke da abubuwan da shuka ke bukata, kamar sinadarin farar ƙasa da ƙarfe. Falalen dutse yakan bar yashi da tsakuwa. Baƙin dutse kuwa laka yake bari, mai riƙe ruwa da taki. A gangare inda ruwa ke wucewa, ƙasar takan zama ja mai laushi. A kwance inda ruwa ke tsayawa, takan zama baƙar laka mai danƙo, wadda ke darewa da rani.

A irin wannan ƙasa manoman Mangu suke noma masara da dankalin Turawa da acca. A ƙasar Biu ana noma dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga. Makiyaya ma sun daɗe suna son Tudun Biu, saboda ƙudan tsando bai dame shi ba. A ƙasar Indiya akwai wani babban tudun baƙin dutse mai suna Dakkan, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 500,000. Baƙar lakarsa ce ke ba Indiya kaso mai yawa na audugarta.

A ƙasar Barazil manoma suna sayen garin baƙin dutse daga wuraren fasa dutse suna barbaɗawa a gona. A shekarar 2013 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ta amince da garin dutse a matsayin abin gyara ƙasa. Aikinsa a hankali yake yi, kuma ba ya maye gurbin takin gida ko takin zamani. Manomin da ke son gwadawa ya fara tuntuɓar malamin gona.

Sai dai a kan tudu ƙasar ba ta da kauri. Kafin dutse ya ba da ƙasa mai kaurin yatsa ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru. Ruwan sama mai ƙarfi kuwa yana iya kwashe ta a damina ɗaya, idan gangaren ba shi da kariya.

AMFANI NA BIYU: RUWA

Baƙin dutse cike yake da tsagogi da ramuka. Idan an yi ruwan sama, ruwan yakan bi tsagogin ya sauka ƙasa. Yana cikin sauka sai ya tarar da laka ko dutsen da ba ya shan ruwa. Daga nan sai ya bi gefe, ya ɓullo a gindin tsauni. Wannan shi ne idon ruwa. Tsaunin yana aiki kamar randa: yana tarawa da damina, yana sakewa kaɗan-kaɗan da rani. Dutsen kuma yana tace ruwan a hanya.

Ruwan kwalba na Swan da aka sani a kasuwanni, daga wani idon ruwa na Kerang aka fara ɗibarsa, a gindin tsohon tsaunin aman wuta. Ƙoramun da ke saukowa daga Tudun Biu kuwa da yawansu suna zuba a Kogin Hawul. Hawul yana zuba a Gongola, Gongola kuma ta haɗu da Binuwai a Numan.

Wannan hali na dutsen shi ke sa a saman tudu ake fama da ƙarancin ruwa da rani, don ruwan ya riga ya nutse. Masu haƙa rijiya a irin wannan ƙasa sun fi dacewa a kwari, ko a gefen shimfiɗar dutsen, ko inda dutsen ya tsattsage.

AMFANI NA UKU: GINI DA MA'ADINAI

Baƙin dutse yana da tauri. Ana fasa shi a yi tsakuwar shimfiɗa hanya kafin a zuba kwalta. Ana sa shi a kankare da harsashin gini. A ƙauyuka ana jera shi a yi katanga da shingen gona da gindin rumbu.

A Tudun Jos baƙin dutse ya ɓoye wata dukiya. Kuza daga falalen dutse take fitowa, tsofaffin rafuka suka tara ta a cikin yashinsu. Da narkakken dutse ya kwararo sai ya binne rafukan da kuzarsu. Shi ya sa a wasu wurare masu haƙar kuza sai sun ratsa baƙin dutse kafin su kai gare ta.

KO WUTAR ZA TA SAKE TASHI?

Wannan tambaya ce da jama'a kan yi. A tarihin da aka rubuta, ba a taɓa samun aman wuta a Biu ko a Jos ba. Manomi na iya ci gaba da nomansa hankali kwance.

A maƙwabciyar ƙasa Kamaru kuwa wutar ba ta mutu ba. Masana suna lissafa Tudun Biu a matsayin reshe na wani dogon layin tsaunukan aman wuta da ya ratsa Kamaru har cikin teku. Babban cikinsu shi ne Dutsen Kamaru, kusa da garin Buea, mai tsayi fiye da mita 4,000. Ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota da ke bakin teku.

Babban abin tausayi shi ne abin da ya faru a Tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru. Shi ma tafki ne a cikin bakin aman wuta, zurfinsa wajen mita 200. Wata iska mai shaƙe numfashi tana fitowa daga ƙarƙashinsa tana taruwa a cikin ruwan, kamar iskar da ke cikin kwalbar lemo. A daren 21 ga Agusta 1986 iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta shiga ƙauyuka. Mutum 1,746 suka rasu, tare da dabbobi wajen 3,500. A shekarar 2001 aka kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu biyu a 2011. A gefen Nijeriya kuma an gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba. Ɗaya daga cikin dalilan gina ta shi ne ta tare ambaliya idan bangon Tafkin Nyos ya fashe, domin ruwansa Kogin Katsina-Ala zai biyo.

Darasin da ke ciki shi ne a riƙa lura. Idan aka ga launin ruwan irin wannan tafki ya canja farat ɗaya, ko aka ga tsuntsaye da dabbobi suna mutuwa a bakinsa ba dalili, a kwashe yara a hau tudu. Sannan a sanar da dagaci da ƙaramar hukuma. Su kuma za su kai labari ga hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta tarayya, wadda asalinta ya faro tun 1919. A guji yaɗa jita-jita.

ABUBUWAN DA KE LALATA WANNAN GADO

Na ɗaya, fasa dutse ba tsari. Tsaunukan nan masu kama da malafa tarin gutsattsari ne, ba su da wuyar kwasa. Katafila da tifa suna iya cinye gefen tsauni cikin ɗan lokaci. Nakiya kuma tana tsaga bangon ɗaki da rijiya. Tana iya sauya hanyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa har idon ruwa ya ƙafe. Ƙurar wurin fasa dutse tana cutar da huhu, musamman na mata da yara masu fasawa da guduma ba tare da rufe hanci ba.

Na biyu, sare itatuwa da ƙona daji. Idan gangare ya zama tsirara, ruwan sama ba ya samun lokacin nutsewa. Gudu yake yi da ƙasar noma, ya bar kwazazzabo.

Na uku, kwashe duwatsun gona a sayar. Manomi yana ganin ya huta da su, ga kuma 'yan kuɗi. Alhali duwatsun nan su ke rage wa ruwa gudu, su ke riƙe danshi a ƙarƙashinsu.

Na huɗu, ƙazanta. Ruwan da ke bin tsaga yana tafiya da sauri. Idan aka haƙa masai ko aka zuba shara ko maganin feshi a saman idon ruwa, dattin zai iya fitowa a ruwan sha.

Jihar Filato tana da abin tunawa a kan wannan. An fara haƙar kuza da yawa a Tudun Jos tun farkon ƙarni na 20. Kamfanoni sun kwashi kuza sun tafi, sun bar ɗaruruwan kududdufai da tarin ƙasa a inda da gonaki ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ma'adinai ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta ce duk ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Kamfanin da ke son fasa dutse don kasuwanci sai ya sami lasisi daga Abuja. Amma dokar ta ba mutanen gari haƙƙoƙi:

1. Mai neman lasisi sai ya sami yardar mai ƙasa ko mai amfani da ita, a rubuce.

2. Kafin kamfani ya fara aiki, sai ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin a kan abin da zai yi musu, kamar ruwa, makaranta, hanya ko ɗaukar 'ya'yansu aiki. Ana sake duba yarjejeniyar duk bayan shekara 5.

3. Sai an biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aikin ya ɓata.

4. An hana haƙa a wurin da jama'a suka ɗauka mai tsarki ne a al'adarsu.

5. Idan an gama aiki, wajibi ne kamfani ya gyara wurin.

ABIN DA JAMA'A ZA SU IYA YI

Ba a ce kada a taɓa dutse ba. Hanya da asibiti da makaranta duk suna bukatar tsakuwa. Abin da ake so shi ne a bambanta wurin da za a iya fasawa da wurin da ya kamata a bari.

Mutanen gari su zauna da dagaci da masu unguwanni da dattawa, maza da mata. Su lissafa wuraren da ba za a taɓa ba: tsaunin da ke da idon ruwa a gindinsa, tafkin da ke cikin bakin aman wuta, wurin ginshiƙai, maƙabarta da wuraren tarihi. A rubuta sunayensu, a kai kwafi ga hakimi da ƙaramar hukuma.

Idan kamfani ya zo, a nemi ganin lasisinsa. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba a gaban shaidu. A tambayi nisan wurin fasawa daga gidaje da rijiyoyi. A tambayi lokacin da za a riƙa tayar da nakiya, da wanda zai biya idan bango ya tsage. Amsar duk ta shiga cikin takarda.

A gona, maimakon sayar da duwatsu, a jera su layi-layi a gicciyen gangare. Ƙasar da ruwa ya ɗebo za ta taru a bayan kowane layi, gonar ta zama hawa-hawa. Wannan tsohuwar dabara ce ta mazauna tsaunuka. Mutanen Sukur a Jihar Adamawa sun shahara da ita, kuma tana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sa garinsu a jerin wuraren gado na duniya a 1999. Kunya ma a yi ta a gicciye, kada ta bi gangare.

A bar itatuwa da ciyawa kewaye da idon ruwa, a kuma shinge shi. A ware wa dabbobi mashaya a ƙasa da inda mutane ke ɗiba. Masai ya kasance nesa, kuma a gangaren da ke ƙasa da ruwan.

Matasa su koyi sunayen tsaunukansu da labarinsu daga bakin tsofaffi. Ɗaliban jami'a da baƙi suna zuwa ganin irin waɗannan wurare, kuma suna bukatar ɗan gari ya yi musu jagora. Tun 2015 UNESCO take ba yankuna masu duwatsun tarihi wata shaida ta musamman. A Afirka yankin M'Goun na Maroko ya samu, haka ma Ngorongoro-Lengai na Tanzaniya a 2018, wanda ƙasar aman wuta ce. Sharaɗin samun shaidar shi ne a kiyaye wurin, mazaunansa kuma su amfana.

Kuɗin tifar tsakuwa yana ƙarewa a kasuwa ɗaya ko biyu. Idon ruwa da ƙasar noma kuwa kakanni sun ci amfaninsu, jikoki ma suna jira. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

KALMOMIN DA ZA A RIƘE

Aman wuta: fitowar narkakken dutse daga cikin ƙasa.

Baƙin dutse: dutsen da ke samuwa idan narkakken dutse ya huce a sarari.

Idon ruwa: wurin da ruwa ke ɓullowa da kansa daga ƙasa.

Zaizayar ƙasa: yadda ruwa ko iska ke kwashe ƙasar noma.

Lasisi: takardar izini daga hukuma.

TAMBAYOYI

1. Faɗi alamomi uku na gane baƙin dutse.

2. Me ya sa wani baƙin dutse yake da ƙananan ramuka?

3. A wace jiha Tafkin Tila yake, kuma yaya aka yi ya samu?

4. Me ya faru a Tafkin Nyos a shekarar 1986?

5. Faɗi haƙƙoƙi biyu da dokar 2007 ta ba mutanen gari.

AIKI

Kowane ɗalibi ya kawo duwatsu iri biyu daga gonarsa. A fasa su a hankali, ana kare ido, a kwatanta launi da nauyi da girman ƙwayoyi. A sami maganaɗisu daga tsohuwar rediyo a goga shi a garin kowane dutse, a ga wanda ya fi mannewa. Garin baƙin dutse yakan fi mannewa saboda ƙarfen da ke cikinsa. Daga nan ajin ya zana taswirar garinsa, ya nuna tsaunuka da idanun ruwa da rijiyoyi, ya rubuta sunan kowanne.